Kafin Ka Sayi Kat-Kat Ta Hannu, Ka San Wanda Zai Gyara Maka Ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusuri, har da na tsallaken gadar Ngeli a Njamena, a kan sayen mota mai jan ƙafa huɗu ta hannu, wadda a nan muke kira kat-kat. Mu makanikai ne da direbobin daji. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, kowace shekara da zarar an sayar da auduga da masara da albasa kuɗi ya shigo hannu, sai jama'a su nufi wurin dillalai, kuma kafin damina ta yi nisa za ka tarar da da yawa cikin motocin nan an ɗora su a kan duwatsu a gareji ana jiran kayan gyara. Dukiya ce ta shekaru take narkewa, kuma yawancin asarar ana iya kauce mata tun ranar ciniki.

Mai saye yakan zo da tambaya ɗaya: lita nawa take sha? Tambayar tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Mu yi lissafi da farashin da gwamnatin Kamaru ta sa a watan Fabrairu na 2024, wato gas sefa 828 lita ɗaya, fetur sefa 840. A ce mutum yana yin kilomita 20,000 a shekara. Land Cruiser mai tsohon injin gas 1HZ, idan tana shan lita 13 a kilomita ɗari, za ta ci lita 2,600, kuɗinsa sefa 2,152,800. Hilux mai injin gas na zamani D-4D da ke shan lita 9 za ta ci lita 1,800, wato sefa 1,490,400. Bambancin ya kai sefa 662,400 a shekara, kuma wannan kuɗi ne na gaske, ba ma raina shi. Mai fetur V6 kuwa, idan tana shan lita 16, ta kai sefa 2,688,000. To yanzu mai saye ya je kanti ya tambayi kuɗin injekta huɗu na asali na D-4D, wato masu fesa mai cikin inji, tare da famfonsu, ya ƙara kuɗin janyo mota daga Tubaro ko Poli zuwa Garwa, ya ƙara kwanakin da za ta yi a tsaye ba ta kawo ko sisi, sannan ya ajiye jimlar kusa da wancan bambanci. Nan ne lissafin yake fitowa daidai. Wani zai ga ƙaramin inji na zamani ya fi masa, wani zai ga tsohon inji mai shan mai shi ne mai arha a gare shi. Abin da ke raba su shi ne inda motar za ta riƙa shiga, da inda za ta riƙa shan mai.

Don haka a fara da hanya. Wanda zirga-zirgarsa daga Ngaundere zuwa Garwa zuwa Marwa ce a kan kwalta, yana shan mai a gidan mai na sosai, sai jefi-jefi ya ratsa burji zuwa ƙauye, ba ya bukatar Land Cruiser mai lita 4.2. Hilux ko Prado sun ishe shi, har da hawan dutsen Ngaundere. Wanda kuwa aikinsa bin kasuwannin ƙauye ne, ko gonakin masakwa a baƙar lakar karal, ko fadamun Lagon a watan Agusta da Satumba, ko tsallaka mayo, wato rafi mai yashi da ruwa, wannan yana bukatar motar da idan ta tsaya a daji, makaniken garin da ya fi kusa zai iya tashinta da sifana da sukudireba, ba sai an nemo kwamfuta ba.

A nan ne injin 1HZ ya yi suna. Toyota ta fito da shi a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, famfon mai na inji ne, ƙarfinsa wajen doki 130. Shi ne a cikin Land Cruiser 75, 78 da 79, da wasu 80, da kuma 105. Ba shi da gudu, a hawa da kaya sai ka yi haƙuri da shi, amma yana jure gas maras kyau fiye da kowane injin zamani, kuma daga Garwa har Abeshe babu garin kirki da za ka rasa wanda ya san cikinsa. Sai dai a san nauyinsa. Yana cin baƙin mai kusan lita goma ko sama da haka a kowane juye, kuma a ƙurarmu juyen kowane kilomita 5,000 ne. Wanda ke yin kilomita 20,000 zai juye sau huɗu a shekara, lita arba'in ke nan ban da filtoci. Yana da taimin bel na roba, wanda ya kamata a canja shi da tenshinansa a kilomita 100,000. Idan ya tsinke, fistin zai daki bawul, aikin ya zama na buɗe inji. Abu na uku, muna gargaɗi da babbar murya game da 1HZ da wani ya ɗaura wa turbo daga baya. Ba a gina fistin ɗinsa da kansa don wannan zafin ba, musamman idan an buɗe famfo an ƙara masa mai. Irin wannan mota tana da daɗin tuƙi ranar gwaji, amma fistin da ƙananan kofunan ƙonewa da ke cikin kulas, wato kan silinda, suna tsagewa. Idan ka ɗaga bonet ka ga turbo a kan 1HZ, ka rage kuɗi sosai ko ka wuce.

Tsadar waɗannan motoci tana da tarihi. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta laƙaba wa sunan Toyota saboda rawar da motocin a-kori-kura suka taka a Fada da Wadi Dum, fikof ɗin Land Cruiser ta zama abin nema a wannan yanki. Amfanin haka ga mai saye shi ne ba ta faɗuwa a kasuwa, ko bayan shekara biyar za ka sayar da ita da daraja. Illarsa kuwa, ita ce motar da ɓarayi da 'yan fashin daji suka fi sa wa ido, kuma a wasu hanyoyin Jihar Arewa Mai Nisa tana jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Ƙanin 1HZ a hali shi ne injin 5L mai lita 3.0 da ke cikin Hilux da wasu Prado da aka kawo don kasuwar Afirka. Silinda huɗu ne, babu turbo, ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba, shan mansa ya fi sauƙi, kayansa suna ko'ina. Ga ɗan kasuwa mai ɗaukar buhu takwas zuwa goma, a ganinmu wannan ce motar da ta fi daidaita tsakanin ƙarko da kuɗin riƙo. A ɓangaren Nissan, Patrol mai injin TD42 ba ta da abin kushewa wajen ƙarfi, taimin ɗinta ma na haƙoran ƙarfe ne, babu bel, sai dai kayanta ba su kai na Toyota yawa a kasuwanninmu ba. Patrol mai ZD30 lita 3.0, musamman na farkon shekarun 2000, an san su da ƙona fistin. Mu ba ma ba kowa shawarar ya kai kuɗinsa can. Pajero tana da arha a saye, tana da daɗin zama. Mai 4D56 tana da bel biyu, na taimin da na balansa, kuma idan ƙaramin ya tsinke yakan shiga ƙarƙashin babban ya kashe inji, don haka tare ake canja su. Mai 4M40 lita 2.8 da Prado mai 1KZ lita 3.0 ciwonsu ɗaya: kulas ɗinsu, wato kan silinda, na alminiyom ne, idan inji ya yi zafi sosai ko sau ɗaya yana iya tsagewa.

Bari mu tsaya kan injin D-4D, wato 1KD mai lita 3.0 da 2KD mai lita 2.5, tunda su suka cika kasuwa a cikin Hilux Vigo da Prado 120 da 150. Inji ne nagari, yana da ƙarfi, yana da tsimin mai. Amma yana tura gas da matsin da ya haura 1,300 a ma'aunin bar, wasu har kusan 2,000, ta ramuka masu siranta kamar gashin kai, kuma gas ɗin da kansa shi ne man da ke sanyaya famfo da injekta yana sa musu santsi. Ruwa kaɗan, ko ƙasa, ko kananzir da aka gauraya, sun isa su cinye su. Mu kuma mun san yadda ake shan mai a ƙauye: daga jarka da durom, a bakin hanya, man fasa-ƙwaurin da ake kira zuwa-zuwa, da ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Tsohon famfon 1HZ zai yi tari ya wuce, D-4D kuwa zai kunna fitila ya rage gudu, wata rana ya ƙi tashi. Wanda ya zaɓi wannan inji, dole ya ɗaura ƙarin filta mai raba ruwa kafin ta asali, ya riƙa zubar da ruwan da ta tara, ya canja filtar gas kowane kilomita 10,000, kuma idan tafiyar daji ta kama shi ya cika jarkokinsa tun daga gidan mai na gari.

Akwai wani ciwo na 1KD da masu saye ba su cika sani ba. A ƙarƙashin kowace injekta akwai ƙaramin wosha da ke toshe wuta. Idan ya fara yoyo, hayaƙin ƙonewa yana hawowa ya haɗu da baƙin mai, man ya yi kauri ya zama kamar kwalta, ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke tsotsa ta cikinta. Daga nan inji ya rasa mai, metal ya ƙone. Wosha ne na ɗan kuɗi kaɗan yake kashe inji sukutum. Kafin a biya kuɗi, a juye man, a leƙa da tocila ta ramin juyewa a ga rariyar, a kuma sa kwamfuta ta karanta yadda kowace injekta ke gyara ma'auninta. Dillalin da ya hana wannan bincike ya riga ya ba ka amsa.

Motocin da ake kawowa daga Turai ta tashar Duwala ko Kwatano, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam, suna da nasu sha'ani. Na gas da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa sama suna da matatar hayaƙi a salansa, DPF, na bayan 2015 kuma da yawa suna da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. An yi su ne don gas ɗin Turai mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyan, da baƙin mai na musamman, da doguwar tafiya a kan babbar hanya inda matatar ke ƙone kanta. A nan, da gas ɗinmu da tafiyar giya biyu a cikin taɓo, matatar tana toshewa. Don haka idan da zaɓi, Hilux da aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi 'yar'uwarta ta Turai dacewa da mu ko da shekararsu ɗaya: lagiretonta da filtar iskarta da sifirin ɗinta an yi su ne don zafi da ƙura. Sannan 'yar Turai ta sha gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. A shiga ƙarƙashinta da guduma ƙarama a ƙwanƙwasa shasi, musamman ta baya kusa da inda sifirin ke maƙale. Baƙin fenti sabo mai kauri a shasin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Land Rover da manyan motocin da ke tashi da sauka da iska maimakon sifirin, waɗannan a bar wa mai gareji a gidansa.

Kada a raina mai fetur. Injin 2TR mai lita 2.7 da ke cikin Hilux da Prado yana da sarƙa maimakon bel, ba shi da turbo, ba shi da famfo mai tsada, kowane makanike ya san shi. Yana sha fiye da na gas, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 arhar zuwa-zuwa ba kamar da ba ce. Amma ga wanda ba ya wuce kilomita 10,000 a shekara, abin da zai ƙara a mai bai kai abin da zai tsira da shi a gyara ba.

Duk wannan maganar sunaye ce. Ranar ciniki kuwa mota ɗaya ce a gabanka, kuma Land Cruiser da aka wahalar ba ta kai Pajero da aka riƙe da kyau ba. Ka je da makaniken da kai za ka biya, wanda ba shi da rabo a la'adar dillali. Ku je da sassafe, ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da ya gaji da safe yake tona kansa. Lafiyayyen injin gas yana tashi bugu ɗaya bayan fitilar hita, wato filogin ɗumama inji, ta mutu. Farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna nozul ko ƙarancin matsi ko ruwa na shiga silinda. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta ringi ko ta turbo. Baƙi kuwa mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Inji na aiki, a kwance murfin baƙin mai a ɗora shi a bakin ramin: idan yana rawa kaɗan babu laifi, idan iska na cilla shi tana fitar da hayaƙi kamar tukunya, ringi sun tafi. Tun inji na da sanyi a buɗe murfin lagireto a tayar: kumfa mai fitowa ba tsayawa alamar gasket ne ko tsagaggen kulas. A duba ƙasan murfin mai da sandar awo, idan akwai abu mai kama da madara, ruwa ya haɗu da mai. Wanda zai biya miliyoyi, ya biya kuɗin awon matsi: a 1HZ littafin Toyota, a ma'aunin kg/cm², ya sa 37 ga lafiyayye, 27 ne iyakar ƙasa, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5.

Zafi shi ne babban makashin inji a ƙasar nan, inda Garwa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Muna roƙon 'yan'uwanmu makanikai su daina cire tamostat da sunan maganin zafi. Cire shi yana ɓoye ciwon ne kawai, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, idan babu shi wani ruwan yana zagayawa bai bi ta lagireto ba. Mai saye ya tambaya ko yana nan. Ya leƙa cikin lagireto: idan ruwan ya yi jan tsatsa kamar kunun kanwa ko akwai farin dutse a bakin bututu, an daɗe ana zuba ruwan rijiya, ramukan sun toshe. Ya gwada fanka: inji na da zafi an kashe, idan ka juya ta da yatsa ta yi ta juyawa sakaka, man da ke cikin kulocinta ya ƙare, ba za ta ja iska a hawa ba. Gwajin gaskiya shi ne a kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana tsaka, a hau tudu da mutane a ciki, ido na kan allurar zafi.

A buɗe gidan filtar iska, a cire filtar, a shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta zuwa inji. Idan yatsa ya fito da ƙura, injin ya daɗe yana shan ƙasar hunturu, kuma ƙasa a silinda kamar sanfefa take. Yawanci filtar jabu ce ke jawo haka, ko al'adar buga filta a taya da hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage.

Sai ƙafafu. A sami fili mai yashi ko burji, a kulle hob na gaba idan na hannu ne, a sa H4, giyar ƙafa huɗu ta gudu, a sa L4, ta ƙarfi, a yi gaba a yi baya. Dole giyar ta shiga ta zauna ba ta fita da kanta. A karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali: ƙas-ƙas-ƙas daga gaba yana nufin kan shaf ya ci. A leƙa a tabbatar furofelar gaba tana nan, domin akwai masu cire ta idan difaranshal na gaba ya mutu, su sayar da motar a matsayin kat-kat alhali ƙafa biyu take ja. A Land Cruiser da Patrol masu miƙaƙƙen aksil, a duba ƙwallon da ke bayan tayar gaba: ɗan maiƙon giris daidai ne, amma idan baƙin ruwa-ruwa na zuba, sil na ciki ya mutu man aksil ya wanke giris, aikin kwance gaba ɗaya ne da boris da sil. A kwance bakin cika man aksil gaba da baya da na taransifa a taɓa: fari-fari yana nufin motar ta sha ruwan mayo ba a juye ba. Kuma ga wanda ya saya, irin waɗannan motoci masu kulle gaba da baya tare ba a tafiya da su a H4 a kan busasshiyar kwalta, tayoyi ba sa samun zamewa, ƙarfin yana komawa kan haƙoran taransifa.

Maganar ruwa ta tuna mana abu ɗaya. Injin gas yana matse iska sau goma sha biyar zuwa sama da ashirin, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kofi ɗaya ya shiga ta bututun iska, kwanrod ya lanƙwashe. Idan mota ta mutu a tsakiyar mayo, kada a sake murza makulli. A janyo ta, a cire hita ko injekta, a juya inji ruwan ya fita. Motar da a ƙarƙashin kafet ɗinta ko cikin fitilunta akwai busasshiyar laka, ta taɓa nutsewa.

Fikof kuma a duba ta da idon mai neman laifi, tunda mun san yadda ake lodi. Hilux an yi ta ne don kaya wajen tan ɗaya har da mutanen ciki, buhu tara ko goma na kilo ɗari ke nan. Ana ɗora mata ninki biyu, a ƙara ganyen sifirin don kada ta zauna. Ƙarin ganye ba ya ƙara wa shasi ko boris ko birki ƙarfi, nauyin yana komawa kansu ne. A duba shasi tsakanin kai da bodi, inda yake lanƙwashewa, a nemi walda ko facin ƙarfe. A tsaya daga nesa a ga ko tazarar da ke tsakanin kai da bodi ta buɗe ta sama. A Land Cruiser a duba inda akwatin sitiyari ke ɗaure da shasi, wurin yana tsagewa. A gwada giya ta biyar a taka a saki, domin jan kaya mai nauyi a giya ta biyar yana cin ta. Shasin da aka yi wa walda a tsakiya, ko nawa aka rage maka, kada ka ɗora iyalinka a kai.

Lambar kilomita da ke kan allo kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Robar feda, santsin sitiyari, ramin kujerar direba da kaurin faifan birki sun fi ta gaskiya. Motocin ƙungiyoyin agaji da na ayyukan raya karkara da ake gwanjonsu sukan zo da littafin gyara, wannan alheri ne, amma a tuna sun yi sa'o'i masu yawa a tsaye inji na aiki don sanyi, kuma allo ba ya ƙirga wannan.

Taya ma kuɗi ce babba da ake mantawa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, zafin kwaltar Figil zuwa Marwa zai iya fasa ta. A zaɓi mota mai girman tayar da ake samu ko'ina, kamar 7.50R16 ko 265/70R16 ko 265/65R17. Rim 18 da 20 na cikin gari ne.

Game da takardu, a haɗa lambar da aka buga a jikin shasi da wadda ke kan kat giriz, wato takardar rajistar mota, harafi da harafi, a shafa wurin a ji ko an goge an sake bugawa. A ga takardar duwan, wato kwastan, ta asali, domin mota mai lambar wata ƙasa da ba a biya mata kuɗin shigowa ba tana iya zama ta hukuma a shinge na farko, kuma kuɗin fito yana ƙaruwa da tsufan mota da girman injinta. A nemi takardar shaidar cewa ba a jinginar da ita ba, a tabbatar mai sayarwa shi ne mai sunan ko yana da wakilci a rubuce, a yi takardar ciniki a buga mata hatimin hukuma, a sauya suna ba da jinkiri ba. A tambayi kamfanin inshora nawa za a biya kafin a saya, tunda kuɗin inshora da na binyet, wato harajin mota na shekara, suna bin dokin da aka rubuta a kat giriz, kuma mai lita 4.2 ba ɗaya take da mai lita 2.5 ba. Mai tsallakawa Cadi ya tabbatar inshorarsa na tare da katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya.

Shawararmu ta ƙarshe ga mai saye ita ce kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a kuɗin mota. Ya ware kashi ɗaya cikin biyar. A makon farko, ko me mai sayarwa ya rantse a kai, a canja taimin bel da tenshina, a juye baƙin mai da 15W-40 na injin gas daga kantin da aka amince da shi, a juye man giya da na taransifa, a sa 80W-90 a aksil biyu, a canja filtoci uku da na asali, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a mayar da tamostat, a juye man birki, a yi wa kuros da boris giris. A rubuta ranar da kilomitar a ƙaramin littafi a ajiye a cikin mota. Idan kuɗin da ke hannu ba zai kai ga sayen Land Cruiser tare da wannan aiki ba, a sayi Hilux mai lafiya a yi mata shi.

Malam Edita, muna kuma roƙon jaridarka ta aika wakilinta kasuwannin kayan gyara na Garwa da Marwa ya binciki yadda filtoci da taimin bel da baƙin mai na jabu suke shigowa cikin kwalaye masu tambarin asali, ya buga wa jama'a hotunan na gaske da na ƙarya gefe da gefe. Idan ya zo, akwai makanikai da yawa da za su yanka filta biyu a gabansa ya ga cikinsu da idonsa.

Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya kiyaye matafiya. Wassalam.

Daga wasu makanikai da direbobin daji,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.